Wa Zai Shiga Sama? Tarihin Koyarwar Ceto Daga Urushalima Zuwa Katsina Laka

Wanda ya bi hanyar Funtuwa zuwa Ƙanƙara ta Sheme, ko ya ratsa Faskari ya nufi Sabuwa, in ya sauka daga kwalta ya shiga ƙauyuka zai riƙa tarar da unguwannin da ake kira da sunan mai gida, Gidan Wane, Gidan Wane. Da yawansu gidajen Maguzawa ne na dā. A wasu akwai masallaci, a wasu akwai ɗan ɗaki mai rufin kwano da gicciye a goshinsa, a wasu kuma akwai duka biyun. Masu shiga ɗakin nan ran Lahadi Hausawa ne gaba da baya, da Hausa suke waƙa, da ita suke addu'a, suna kiran kansu masu bi ko Masihiyawa. Abin da ya raba su da ɗan'uwansu Musulmi, wanda watakila kakansu ɗaya, ya taru ne a kan tambaya guda: ta wace hanya mutum zai tsira gobe kiyama, kuma wa za a buɗe wa ƙofar sama? Kiristoci ba su taɓa zama baki ɗaya a kan amsar ba. Abin da ake wa'azi yau a cocin ƙauye a ƙasar Ƙanƙara an sha kai ruwa rana a kansa a Urushalima da Kartaj da Jamus da Rum kafin ya iso nan, kuma kowace amsa da abin da ya haife ta.

Asalin magana

A wajajen shekara ta 30 miladiyya, zamanin da Bilatus yake gwamnan Rumawa a Yahudiya, almajiran Yesu suka fara shelar cewa an gicciye shi, ya mutu, ya tashi a rana ta uku. Musulmi bai yarda an gicciye Annabi Isa ba, Alƙur'ani ya kore hakan. Amma duk mai son fahimtar maƙwabcinsa Kirista sai ya san cewa a wurinsa gicciyen nan shi ne tushen komai. Koyarwar ita ce zunubi ya shiga tsakanin ɗan Adam da Allah, mutum kuma ba shi da abin biyan wannan bashi ko da zai kwana yana ibada. Mutuwar Almasihu ita ce fansa, tashinsa kuma shaida ce cewa an karɓi fansar. Don haka ceto kyauta ce, abin da suke kira alheri.

Har nan babu saɓani. Saɓanin yana farawa ne da tambayar yadda kyautar take isa hannun mutum, domin Sabon Alkawari ya taɓo maganar ta fuskoki da dama. Bisharar Yohanna ta nuna Yesu shi kaɗai ne hanya. Wasiƙun Bulus sun kafe a kan bangaskiya, don kada kowa ya yi taƙama da aikinsa. Yaƙubu kuwa bai ga amfanin bangaskiyar da ta bar mayunwaci da yunwarsa ba. A sura ta 25 ta Matiyu an kwatanta ranar shari'a, inda ake raba mutane bisa ga wa ya ciyar da mai jin yunwa, wa ya sauki baƙo, wa ya duba ɗan kurkuku, har waɗanda suka tsira suna mamaki. A sura ta 23 ta Luka akwai ɓarawon da aka gicciye a gefen Yesu, wanda aka yi wa alkawarin aljanna nan take, babu baftisma, babu wani aikin kirki da ya rage masa lokacin yi. Bulus ɗin dai, a sura ta 2 ta Romawa, ya yi maganar al'umman da ba a ba su Attaura ba amma lamirinsu yana yi musu shaida. Duk gardamar shekara dubu biyu daga waɗannan nassoshi take ɗibar makamanta.

Rigima ta farko ta tashi a wajajen shekara ta 49. Masu bi na farko Yahudawa ne, wasunsu suka ce wanda ba Bayahude ba sai an yi masa kaciya ya riƙe dokokin Musa kafin ya sami ceto. Aka taru a Urushalima, Bitrus da Bulus da Yaƙubu suna nan, aka yanke cewa ba dole ba ne. Hukuncin nan shi ya fitar da addinin daga hannun ƙabila ɗaya. Shi ne kuma hujjar Bahaushe na zama Kirista ba tare da ya bar sunansa da rigarsa da harshensa ba, ko da yake wasu 'yan mishan sun daɗe ba su ba shi wannan haƙƙi cikakke ba.

Malaman Afirka ta Arewa

Abin da yawancin masu bi na ƙauyukanmu ba a gaya musu ba shi ne, manyan tubalan koyarwar a nahiyar nan aka aza su. A shekara ta 250 Sarkin Rum Desiyus ya ba da umurni kowa ya yi hadaya ga gumakan daula ya karɓi takardar shaida. Wasu Kiristoci suka ƙi aka kashe su, da yawa suka yi don tsira da rai. Da ƙura ta lafa sai suka dawo suna neman a karɓe su. Masu tsanani suka ce wanda ya yi ridda ya rufe wa kansa ƙofa har abada. Sifiriyan, bishop na Kartaj, kusa da birnin Tunis na yanzu, ya tara majalisa a 251 aka amince a karɓe su bayan doguwar tuba. Shi ne kuma ya koyar da cewa wanda ya fita daga ikilisiya ya fita daga ceto. Da 'yan ɓaraka yake, waɗanda suka san ikilisiya suka ware, hankalinsa bai kai ga mutanen da ba su taɓa jin labari ba. An fille masa kai a 258, maganarsa ta rayu, aka riƙa ɗora mata nauyin da bai ɗora mata ba.

A Iskandariya ta Masar an yi Orijin, wanda ya yi fatan cewa a ƙarshe rahamar Allah za ta dawo da kowa, wuta kuma horo ce mai iyaka. Ikilisiya ta yi tir da wannan ra'ayi a ƙarni na 6, amma bai mutu ba, yana sake ɓullowa a kowane zamani.

Wanda ya fi kowa tasiri shi ne Ogustin, bishop na Hippo, garin Annaba a Aljeriya ta yau, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430. Wani malami daga tsibirin Birtaniya, Filajiyus, ya koyar da cewa tun da Allah ya umurci mutum da aikin kirki, to mutum yana da ikon yi, kuma jariri ba ya gadon laifin Adamu. Ogustin ya yi tsayuwar daka ya ce a'a, zunubi gado ne, ko niyyar tuba ma sai alherin Allah ya riga ya motsa zuciya. Majalisar Kartaj ta 418 ta ba shi gaskiya. Sakamakon ya yi nauyi: in jariri yana ɗauke da laifin gado, to wanda ya mutu ba baftisma fa? Ogustin ya ce ba ya shiga sama, sai dai hukuncinsa shi ne mafi sauƙi. Daga nan iyaye suka shiga gaggawar kai jarirai baftisma, malaman baya kuma suka ƙirƙiro zancen wani wuri na tsakiya, ba azaba ba ganin Allah, don su rage wa uwaye ɗacin maganar.

Ƙofa ta tsuke, sannan Turai ta dare biyu

A tsakiyar zamani maganar Sifiriyan ta zama doka. Majalisar Lataran ta 1215 ta nanata ta. A 1302 Fafaroma Bonifas na Takwas ya haɗa ceto da biyayya ga kujerar Rum. Majalisar Fulorans a 1442 ta ambaci arna da Yahudawa da 'yan bidi'a da sunansu ta ce ba su da rabo sai sun shigo kafin mutuwa. Mutanen wancan lokaci suna zaton bishara ta riga ta game duniya, wanda bai karɓa ba taurin kai ne. Shekara hamsin bayan haka Kolumbus ya tsallaka teku a 1492, aka tarar da miliyoyin mutane waɗanda kaka da kakanni ba su taɓa jin sunan Yesu ba. Tun daga ranar tambayar ba ta bar malamai sun yi barci ba.

Kafin a warware wannan sai wata ta kunno. Katolika sun yi imani cewa mai bi da ya mutu da sauran dauɗar zunubi yana ratsa wurin tsarkakewa kafin ya shiga sama, kuma addu'ar masu rai tana amfanarsa. Aka wayi gari ana sayar da takardun rangwame, wani mai wa'azi Tetsel yana yawo da su a Jamus, kuɗin kuma wani kaso na tafiya ginin majami'ar Bitrus a Rum. A 1517 Martin Luta, malamin jami'a a Witinbag, ya fito da batutuwa 95 yana ƙalubalantar cinikin. Daga kan takarda rigima ta gangara zuwa tushe. Luta ya ce mutum yana kuɓuta ta wurin bangaskiya kaɗai, aikin kirki 'ya'yan itace ne, ba shi ne saiwar ba. Kalbin, wanda littafinsa ya fara fita a 1536, ya ƙara da cewa Allah ya riga ya zaɓi nasa tun fil azal. Almajiran wani malami, Arminiyus, suka ce an miƙa wa kowa, mutum yana iya ƙi, majalisar Dort ta 1618 zuwa 1619 ta kayar da su, amma Wesli ya ɗaga tutarsu a Ingila a ƙarni na 18. Mai karatun tauhidi zai ji ƙamshin tsohuwar gardamar ƙaddara da zaɓi a nan.

Katolika suka mayar da martani a majalisar Tirento, 1545 zuwa 1563. Hukuncinta na 1547 ya ce alheri ne ke farawa, amma mutum yana ba da haɗin kai, ayyukansa suna da lada, yana kuma iya rasa abin da ya samu. Ta bar wata 'yar kafa wadda za ta yi amfani daga baya: baftisma wajibi ce, ko kuwa marmarin samunta.

Farfaɗowar da aka yi a Ingila da Amurka a ƙarni na 18 da na 19 ta haifi irin Kiristan da ya gaskata ƙememe cewa duk wanda ya mutu bai karɓi Almasihu da saninsa ba ya hallaka. Wannan imani shi ne man da ya tuƙo jiragen mishan zuwa ƙasar Sudan, wato ƙasashen da ke kudu da Sahara.

Ƙasar Katsina kafin mishan

Akwai zance da ake yi, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya kawo a Infaƙul Maisuri, cewa Gobirawa asalinsu Kibɗawan Masar ne, wasu kuma suna ɗora wa wannan cewa an taɓa yin Kiristanci a ƙasar Hausa tun dā. Wannan labarin baka ne, babu coci ko rubutu da aka tono da ya tabbatar da shi. Abin da ke rubuce shi ne, a 1710 wasu fada biyu 'yan ɗariƙar Faransis suka taso daga Tarabulus, sun ji jita-jitar akwai Kiristoci a can kudu da Barno. Suka bi ta Fazzan da Agadas suka iso Katsina, cuta ta kashe su a 1711. Ba su bar mabiyi ba.

Musulunci kuwa ya zauna a fadar Katsina tun zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15. Amma kudancin ƙasar, Katsina Laka, ƙasar Maska da Gozaki da Kogo da Pauwa, mai ruwa da dausayi da auduga, ta ci gaba da riƙe ɗimbin manoman da ba sa salla. Jihadin 1804 ya kawo Ummarun Dallaje kan mulki a wajajen 1807, Maguzawa suka zauna a ƙarƙashin amana suna biyan jiziya. Har yau sarautun Sarkin Pauwa a Ƙanƙara da Sarkin Yamma a Faskari da Kogo a Sabuwa suna tuna wa mutum tsufan wannan ƙasa.

Bamaguje ya san Allah, yana rantsuwa da shi, ya san shi ya yi sama da ƙasa. Sai dai harkarsa ta yau da kullum da iskoki take. Mai gida yana yanka akuya ko kaza a gindin tsafin gida kafin shuka da bayan girbi, abin da yake roƙo kuma a bayyane yake: ruwan sama, haihuwa, lafiyar yara, cikar rumbu. Wanda ya zo masa da zancen zunubin gado da wuta ta har abada ya zo da damuwar da ba ita ce ta hana shi barci ba. Wannan ya sa wa'azin farko ya daɗe bai kama ba, kuma da ya kama, ta ƙofar magani da tsoron iskoki ya fara shiga.

Wani reshe na daban ya tsiro daga cikin malaman Musulunci. Ana ba da labarin Malam Ibrahim na Kano, wanda karatun Alƙur'ani ya kai shi ga fifita Annabi Isa, aka kashe shi a kasuwar Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, mabiyansa Isawa suka watse zuwa Ningi da ƙasar Zazzau. Bayanin kisan daga bakin jikokinsu aka samo shi. Abin da ke rubuce shi ne zuwan wasunsu wurin ɗan mishan Likita Miller a Zariya a 1913.

Turawa, kutare da Littafi

A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar shiga ƙasar Sudan. Cikin shekara guda, biyu daga cikinsu suka mutu, Bingham ya koma gida da zazzaɓi. Daga wannan yunƙuri aka sami mishan ɗin SIM, wadda ta kafa tasharta ta farko a Fategi a 1902. 'Yan CMS na Ingila kuma, Bishop Tugwell da Miller, suka isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su ba shiri. Da Lugga ya ci Sakkwato a 1903 ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addini ba, gwamnatin Turawa ta riƙa tare mishan daga ƙasashen sarakunan Musulmi shekara da shekaru. Miller ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, aka mayar da mishan ɗin Wusasa a 1929. A wannan shekara dogo ya kai Ƙauran Namoda ta Funtuwa da Gusau, ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa Kiristoci daga kudu, suka gina coci a Sabon Gari. Amma cocinsu na baƙi ne, Bamagujen Faskari bai ga abin da ya haɗa shi da shi ba.

Abu biyu suka sauya lamarin. Na farko, a 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Na biyu, kuturta. A ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka damƙa wa SIM kula da zangon kutare na Babbar Ruga kusa da Katsina, kamar yadda aka yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. Mutumin da danginsa suka ware masa ƙwarya da tabarma ya sami wanda ke wanke masa gyambo yana gaya masa cewa a sama babu wanda za a ware. Wasu suka warke suka koma ƙauyukansu da karatun boko da allura da Littafi. Masaniyar tarihi Shobana Shankar, da ta rubuta labarin waɗannan mutane a 2014, tambayar wa zai shiga aljanna ta sa wa littafinta suna. Daga baya SIM ta buɗe tashoshi a wurare irin su Malumfashi da Matazu, cocin da suka fito daga aikinta kuma suka haɗu suka zama ECWA a 1954. Katolika suka biyo: fada 'yan ɗariƙar Dominik daga Amurka suka karɓi yankin Sakkwato da Katsina a 1953, ya zama dayosis a 1964, Malumfashi ta zama cibiyarsu a cikin Maguzawa.

A nan koyarwa ta yi karo da rayuwa. An ce ceto kyauta ce, amma mai gida da ya zo da mata uku sai a ce masa ya zauna ya ji wa'azi, baftisma da jibin Ubangiji kuwa sai ya rage saura ɗaya. Wace zai kora, uwargidan da suka sha wahalar gandu tare, ko amaryar da ke goyo? Giya ma, wadda da ita ake gayya da biki da makoki, aka ce ya bari. Dattawa da yawa suka tsufa a bencin baya, 'ya'yansu suna shiga ruwa su suna kallo daga bakin rafi. Anglika sun kafa wannan doka a taron Lambet na 1888, ba su sassauta ba sai 1988. A ganina nan ne mishan suka fi yin nisa da hukuncin Urushalima, domin sun ɗora wa mutum sharaɗin da zai rushe gidansa kafin ya taɓa abin da suka ce ba a saye.

Amsa biyu a gida ɗaya

Daga 1963 zuwa 1965 Sardauna Ahmadu Bello ya yi rangadin musuluntarwa a Arewa. A daidai lokacin cocin bishara suka ƙaddamar da shirin Sabon Rai Don Kowa, talakawan masu bi suna fita biyu-biyu ƙauye-ƙauye. Sai kuɗin mai da hanyoyi da makarantun UPE na 1976 suka zo, zaman Maguzanci ya yi wuya, kowa ana tambayarsa na wane ne shi. Murray Last, wanda ya zauna a wani gidan Maguzawa a kudancin Katsina a farkon shekarun 1970, ya nuna yadda fatauci yake jan mutum zuwa Musulunci. Wasu kuma suka zaɓi coci, saboda makaranta da asibiti, saboda matansu manoma ne ba sa son kulle, saboda tsohon jin haushin masu karɓar haraji, wasu kuma saboda abin da suka ji ya shiga zuciyarsu, kuma zalunci ne a hana su wannan shaida.

Tambayar da ta fi kowace zafi a lokacin ita ce wadda tsoho yake yi wa mai bishara bayan an tashi: Malam, to babana fa, da kakana, da ba wanda ya zo musu da wannan labari? Tambayar ba sabuwa ba ce. Ana ba da labarin wani sarkin Firisiya, a arewacin Holan, a farkon ƙarni na 8, wai ya sa ƙafa ɗaya cikin ruwan baftisma, da aka ce masa kakanninsa suna wuta sai ya janye ƙafarsa. Ko an yi ko ba a yi ba, duk wanda ya binne uba ya san abin da ya ji.

Amsar da tsohon zai samu ta dogara ga cocin da ya riga isa gidansa. A Rum, Majalisar Batikan ta Biyu ta fitar da matsayinta a Nuwamban 1964: wanda bai san bishara ba, ba da laifinsa ba, yana neman Allah da zuciya ɗaya yana bin lamirinsa, zai iya samun ceto, kuma ta wurin Almasihu ne ko da bai san sunansa ba. Takardar ta ambaci Musulmi a fili a matsayin masu bauta wa Allah ɗaya mai rahama. 'Yar kafar Tirento ce aka faɗaɗa. Tun 1953 ma an kori wani fada a Boston, Leonard Feeney, bayan ya kafe cewa wanda ba Katolika ba ba shi da rabo.

A ɓangaren ECWA amsar ta fito daga ɗan Arewa. Byang Kato, mutumin Kwoi, an haife shi a 1936 a gidan masu tsafi, ya zama babban sakataren ECWA a 1967. Ya ga wasu malaman Afirka, irin su John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Ibadan, suna ɗaukaka addinin gargajiya, ya ji tsoron za a wayi gari a ce kowa ya tsira ko da wace hanya. Ya yi magana a babban taron Lozan na 1974, ya fitar da littafi a 1975, ya rasu a teku kusa da Mombasa a Disambar wannan shekara. Matsayinsa shi ne kakanni sun san akwai Allah ta wurin halittarsa, amma wannan sani bai kai ga ceto ba, sai an ji an gaskata. Ba daga nesa yake magana ba, kakanninsa yake nufi. Ra'ayinsa ya zauna daram a makarantun Littafi na Arewa, ko da yake fastoci da yawa a gaban gawa sukan tsaya ga cewa Mai shari'ar duniya ba ya zalunci.

Saboda haka a gida ɗaya a ƙasar Ƙanƙara ko Ƙafur za ka sami wa ɗan Katolika yana ba da sunan mahaifinsu a yi masa addu'a ran 2 ga Nuwamba, ƙane ɗan ECWA yana ganin an rufe littafin mamaci tun ranar da ya cika, ɗan baffansu Musulmi kuma yana da nasa hukuncin. Wan an zuba masa ruwa a ka yana jariri, ƙanen sai da ya girma ya ba da shaida a gaban jama'a aka nutsar da shi a rafi bayan damina. Daga shekarun 1970 cocin Fentikos suka ƙaro nasu a garuruwa irin Funtuwa, suna tambayar ko an maya haihuwarka, wasu kuma suna haɗa ceto da waraka da arziki tun a nan duniya.

Zamanin 'yan bindiga

A can sama manya sun matso kusa da juna. A 1999 Katolika da Lutaran suka sa hannu a birnin Ogsbag cewa ta wurin alheri ake kuɓuta, ayyuka kuma suna biyo baya. A 2007 Batikan ta fitar da nazarin da ya ce akwai dalilin sa zuciya ga ceton jariran da suka mutu ba baftisma. A gida kuma Anglika sun kafa dayosis a Katsina a 1990. A 16 ga Oktoban 2023 Fafaroma Faransis ya yanke dayosis ɗin Katolika na Katsina daga na Sakkwato, ya naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan yankin Malumfashi, Bahaushe na farko da ya zama bishop a Katolika.

Ƙasar da ya karɓa tana cikin wuta. A Yunin 2020 an kashe gomman mutane a Kadisau ta Faskari. A 11 ga Disamba na shekarar aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A Mayun 2021 aka kashe Fada Alphonsus Bello a Malumfashi. A Janairun 2023 aka shiga wani cocin Sabon Rai Don Kowa a ƙasar Ƙanƙara ran Lahadi aka tafi da masu ibada. A Agustan 2025 aka buɗe wa masu sallar asuba wuta a Unguwar Mantau. Harsashin bai tambayi addinin kowa ba, ƙauyuka da yawa na Sabuwa da Faskari sun watse zuwa Funtuwa da Ɗandume da Katsina.

Inda fada ba ya iya zuwa sai bayan watanni, inda fasto ya kwashe iyalinsa, tsofaffin tambayoyin Kartaj sun dawo da jini a jikinsu. Saurayin da ke ajin baftisma aka harbe shi a gona, katikis na Katolika zai gaya wa uwarsa cewa marmarinsa ya isar masa, mai bishara na ECWA zai tuna mata da ɓarawon kan gicciye, duka biyun su ba ta amsa ɗaya. Amma in ta tambayi makomar maƙwabcinsu Musulmi, wanda ya ɓoye 'ya'yanta a ɗakinsa aka kashe shi a daren, katikis yana da takardar 1964 da zai dogara da ita, mai bishara kuwa yana tsakanin abin da aka koya masa a makaranta da sura ta 25 ta Matiyu, kuma matar tana tsaye tana jiran ya yi magana.